Zafi, hayaƙi da gishiri: me ke isa ga ƙwaƙwalwar ɗan da ke ciki?

Ƴar Bagalam: Assalamu alaikum. Tambaya gare ni ga ma'aikatan lafiya na wannan zaure. Ana ta yawo da wani saƙon murya cewa ɓacin ran mai ciki yana lalata ƙwaƙwalwar ɗan da ke cikinta, har wai shi ke sa a haifi yaro dolo. Hankalin mata ya tashi, don wace ce za ta yi wata tara ba a ɓata mata rai ba? Gaskiya ne ko ƙarin gishiri?

Likitan Yara: Wa alaikumus salam, ƙanwata. Akwai gaskiya a ciki, amma ba yadda aka faɗe ta ba. In hankalin mutum ya tashi, jikinsa na sakin wani sinadari mai suna kotizol. Tayi ma yana buƙatarsa kaɗan, musamman can ƙarshen ciki don huhu ya nuna, amma in ya yi yawa da wuri yana taɓa sassan ƙwaƙwalwa masu kula da tsoro da riƙe abu a kai. To, Allah ya sa masa mai gadi: mabiyiya tana kashe kaifin mafi yawan kotizol ɗin uwa kafin ya ƙetara. Saboda haka faɗan yini guda da kishiya, ko kukan rasuwa, ba shi ke mai da yaro dolo ba.

Abin da aka ga ya bar tabo shi ne wahala mai tsawo. A Holan, daga ƙarshen 1944 zuwa farkon 1945, yaƙi ya jawo yunwa har rabon abincin mutum guda ya faɗi ƙasa da kalori 1000 a yini. Waɗanda aka ɗauki cikinsu a tsakiyar wannan yunwa, da suka girma, ciwon taɓin hankali mai tsanani ya ninka kusan sau biyu a cikinsu. A Kanada kuma, cikin Janairun 1998, ƙanƙara ta karya turakun lantarki a Kebek, wasu gidaje suka yi makonni ba wuta cikin tsananin sanyi. Da aka bi ƴaƴan matan da ke da ciki a lokacin, sai aka ga jinkirin magana a shekara biyu ya fi bin yawan wahalar da uwa ta sha a zahiri, ba yawan fargabar da ta ce ta ji ba.

Inna Ungozoma: Madalla, Likita. Ni kuwa abin da ke damuna ba saƙon muryar ba ne, lokaci ne. Ƙwaƙwalwa da lakar baya suna farawa ne kamar ɗan faifai shimfiɗaɗɗe, sai ya naɗe ya zama bututu, bakinsa na sama da na ƙasa su rufe. Wannan rufewa tana ƙarewa wajen kwana 28 da shigar ciki, wato mako biyu kacal bayan ɓatan wata. Ku dubi yadda muke a nan. Mai cikin fari kunya ba ta barin ta ta faɗa ko ga uwarta. Mai na biyar ta ce ai ta saba. Sai ciki ya yi wata huɗu ko biyar, zane ya ƙi ɗauruwa, sannan a zo awo. A lokacin nan ƙofa ta daɗe da rufewa, ko ta rufu daidai ko ba ta rufu ba.

In bakin ƙasa ne bai rufe ba, sai a haifi jariri da ƙullutu a gadon baya, kamar ƙwan kaza ko lemo, fatarsa sirara har kana hangen ruwa a ciki. Ka sosa tafin ƙafarsa ba ya janyewa, fitsari na ɗiga ba tsayawa, bayan makonni kai ya fara cika da ruwa. In na sama ne, ba ya rayuwa. Maganin da ke rage wannan shi ne folik asid, maikirogiram 400 kullum, a fara aƙalla wata guda kafin ciki, a ci gaba har mako 12. Yana iya hana kusan bakwai cikin goma na irin wannan naƙasa. Don haka amarya da mai shirin yaye su ne masu shansa, ba sai mai tulun ciki ba.

Mai Farmasi: Inna, bari in ɗora, don a nan ake yawan kuskure wajen saye. Folik asid kala biyu ne a kanti. Akwai na miligiram 0.4, shi ne wanda ke haɗe da miligiram 60 na ƙarfe a cikin jar ƙwayar ƙarin jini da ake bayarwa wurin awo. Akwai kuma na miligiram 5, ƴar ƙaramar rawaya. Na biyun ya ninka na farko fiye da sau goma, kuma ba na kowa ba ne. Ana rubuta shi ga wadda ta taɓa haihuwar jariri mai ƙullutun baya, ko mai shan wasu magungunan farfaɗiya. Illar shansa barkatai ita ce yana karya ƙarfin Fansidar, maganin da ake ba mai ciki don kare ta daga palu, wato zazzaɓin cizon sauro. Mace ta ga kamar tana ƙara wa kanta jini, alhali ta buɗe wa sauro ƙofa.

Tunda na ambaci farfaɗiya: Dépakine na cikin magungunan da aka tabbatar suna taɓa ƙwaƙwalwa da lakar tayi. Amma kada a yanke shi dare ɗaya, don faɗuwa da ciki ita ma hatsari ce babba. A je wa likita tun kafin ciki ya shiga a canza.

Majo: Palu ɗin nan kada a wuce shi da sauri, mu da damina ke cika wa gidan likita daga Agusta zuwa Oktoba. Ƙwayar cutar tana maƙalewa a mabiyiya, ta cunkushe wurin da jinin uwa ke miƙa wa tayi abinci da iska. Abin haushin, ana iya tsaga yatsa a gwada a ga ba komai, mace tana yawonta ba masassara, alhali mabiyiya cike take. Masu cikin fari su suka fi shan wannan. Sakamakon shi ne ƙarancin jini ga uwa, jariri ƙasa da kilo 2.5, ko bakwaini.

Ƙa'idar Fansidar: ba a fara shi sai an shiga mako na 13. Ƙwaya uku a lokaci guda, a haɗiye gaban ma'aikaci. Tsakanin sha da sha wata guda aƙalla, a yi sau uku ko fiye har haihuwa. Wadda ke shan maganin kashe ƙwayoyin cuta na kotirimokzazol kullum ba a ba ta. Wadda ta zo awon farko da wata bakwai kuwa, da ƙyar ta samu biyu.

Malamar Sashen Tamowa: Ni gishiri zan kawo, na gaske ba na magana ba. Ƙwayoyin ƙwaƙwalwa ana ƙirƙirarsu ne a can tsakiya, sannan su yi ƙaura zuwa ɓawon waje, kowace ta sami layinta, galibi tsakanin wata na uku da na biyar. Mai jagorancin wannan tafiya shi ne sinadarin da ƙullin maƙogwaro ke yi, kuma ba ya yiwuwa sai da aidin, sinadarin da ake zuba wa gishiri. Tayi ba ya iya dogaro da nasa sai wajen mako 18 zuwa 20. Kafin nan duk na uwa yake ci. Mai ciki na buƙatar maikirogiram 250 na aidin a yini. In ya yi ƙaranci ƙwarai, a sami yaro gajere, kurma, mai raunin hankali. In kaɗan ne, ba wanda zai gane sai an kai shi makaranta.

Mu nesa muke da teku, abincinmu ba ya ɗauke da shi sosai. Kantun Bilma da manda ba a zuba musu aidin. Wanda aka zuba wa ma, in ya yini a buɗaɗɗen tasa a rana cikin kasuwa, ko ya sha laimar damina, aidin ɗin na raguwa. A sayi na ƙulle cikin leda mai rubutu, a juye a gwangwani mai murfi, nesa da murhu, a zuba a miya dab da saukewa. Akwai ruwan gwaji da ake ɗigawa: ɗigo biyu a kan cokalin gishiri, in ya rine ya koma shuɗi mai duhu akwai aidin, in ya tsaya fari fat babu. Ba cewa na yi a ƙara yawan gishiri ba, a kula, hawan jini na nan yana jira.

Kuma hatsi kansa yana da wasu sinadarai masu hana ƙullin maƙogwaro aiki da aidin. An ga haka a yammacin Sudan, inda maƙoƙo ya yi yawa tsakanin masu rayuwa kan hatsi. Rogon da bai jiƙu sosai ba ma haka.

Malamin Gona: Haba Malama, kada ki sa mata su tsorata da fura. In an bar hatsi a Maradi me za a ci?

Malamar Sashen Tamowa: Ban ce a bari ba, Malam. Cewa na yi mai cin hatsi safe da dare ta fi kowa buƙatar gishirinta ya zama mai aidin. Hatsi ma ai yana da ƙarfe. A jiƙa shi ya kwana ko a bar ƙullu ya yi tsami, jiki ya fi ɗibar ƙarfen. A haɗa da wake, zogalen Jiratawa, ƙwai, hanta sau ɗaya a mako ba fiye ba, da garin ƴaƴan kuka a cikin kunu. Ƙarin da ciki ke nema bai kai yadda ake zato ba: kimanin kalori 340 a tsakiyar ciki, 450 a watannin ƙarshe, wato ƙarin ci guda mai kyau. In an auna damtsen mai ciki bai kai santimita 23 ba, wannan ta shiga layin masu buƙatar tallafin abinci.

Malamin Gona: To na yarda. Nawa ɓangaren shi ne maganin ƙwari, kuma a nan laifin namu ne mu maza. Irin su piya-piya da kulofirifos an yi su ne don su tsinke saƙon jijiya a jikin ƙwaro, kuma jijiyar mutum da irin wannan saƙo take aiki. A Niyok ta Amurka an auna kulofirifos a jinin cibiyar jarirai, aka bi su har shekara bakwai, waɗanda nasu ya fi yawa suka fi rauni wajen riƙe abu a kai. Tarayyar Turai ta hana shi a 2020.

Yadda yake isa ga mai ciki a nan ba a gona ba ne yawanci. Mutum ya gama feshi a lambu, ya dawo ya tuɓe rigar ya jefa cikin wankin gida, ita ta cuɗa da hannu. Ko a yayyafa piya-piya a ɗaki da magariba a rufe, a shiga a kwanta. Ko a wanke kwalbar a zuba mai ko ruwa. Ko a jefa ƙwayar hayaƙi a buhun wake, a jingine buhun a ɗakin kwana, wanda wannan kam kisa yake yi kai tsaye. Mai feshi ya wanke kayansa da kansa a gona, ya yi wanka da sabulu kafin ya shigo. A duba kwanakin jira da ke jikin kwalba kafin a tsinki ganye.

Ajiyar wake kuwa ba ta buƙatar guba ko kaɗan. Buhun PICS, wanda masu binciken cibiyar noma ta INRAN na nan Maradi suka yi aiki a kansa tare da jami'ar Purdue ta Amurka, leda biyu ne masu kauri a ciki da buhun saƙa a waje. Wake ya bushe ƙarau, a hura kowace leda a tabbatar ba huda, a cika, a matse iska, a murɗa bakin ta farko a lanƙwasa a ɗaure, sannan ta biyu daban, sannan buhun. Ƙwaro ya cinye iskar da ta rage ya mutu. Inda ake ɓatawa: ɗaure uku a haɗe, buɗewa kowane mako a ɗiba, da ɓera.

Ƴar Bagalam: Allah ya saka. Zafin Afrilu da Mayu fa? Shi ba a sayen maganinsa a farmasi.

Majo: Shi ma yana da lissafi, ƙanwata. Jikin tayi ya fi na uwa ɗumi da kusan rabin digiri, kuma ba shi da hanyar fitar da zafi sai ta jininta. In ta yi zafi, jiki na tura jini zuwa fata don ta yi gumi, rabon mahaifa ya ragu. A Gambiya an bi manoma mata 92 masu ciki har gona ana aunawa, aka ga bugun zuciyar tayi na tashi, jinin cibiya na raguwa, gwargwadon yadda zafi ya ƙaru. Wani nazari da ya tattara bincike masu yawa a 2020 ya nuna haihuwar bakwaini na ƙaruwa da kimanin kashi 5 cikin 100 a duk ƙarin digiri ɗaya. Me ya haɗa wannan da ƙwaƙwalwa? A mako 34, nauyinta bai wuce kashi biyu cikin uku na wanda za ta kai a cikar wata tara ba. Lanƙwashe-lanƙwashen nan nata a watannin ƙarshe suke samuwa. Duk makon da aka rasa, a waje za a biya shi da wahala.

Abin yi: daka, surfe, ɗaukar ruwa da aikin gona su koma kafin ƙarfe 10 na safe ko bayan la'asar. Ruwa lita 3 ko fiye a yinin zafi, kuma fitsari ne ma'auni, in ya yi ja kamar shayi ba ta sha isasshe ba. Da rana gara rumfa ko gindin bedi da ɗakin kwano. Jiƙaƙƙen zane a wuya da hammata. In za a kwana a tsakar gida, a fita da gidan sauro. Masassara kuma a farkon ciki, in ta kai digiri 39, ita kanta tana ƙara hatsarin ƙullutun bayan da Inna ta faɗa. A sha farasitamol, miligiram 500 zuwa 1000 duk awa shida, a je a yi gwaji ranar. Ibufurofen da dikulofenak a bar su, balle daga rabin ciki zuwa sama.

Likitan Yara: Kishiyar zafi ita ce lokacin ɗari, sa'ad da ake shigar da kaskon gawayi ɗaki a toshe taga. Gawayi na fitar da iska mai guba marar wari marar launi, wadda ke kama jini fiye da iskar numfashi sau 200 da wani abu. Jinin tayi ya fi na uwa riƙe ta, kuma ya fi daɗewa bai sake ta ba. Uwa ta tashi da ɗan ciwon kai da jiri ta fita ta warware, shi yana can bai warware ba. Injin wuta a zaure ko bakin taga ma haka ne. Hayaƙi kuwa, a Beljiyam cikin 2019 an sami ƙwayoyin baƙin hayaƙi a ɓangaren mabiyiya da ke fuskantar tayi. A yi girki a fili ko madafa mai taga biyu, da busasshen itace, kada a hura wuta da leda ko roba. In akwai halin gas, watannin ciki ne suka fi cancanta da shi. Turaren wuta a yi, a buɗe ƙofa hayaƙin ya fita, sannan ta shiga.

Mai Awon Ruwa: Mutanen wannan yanki ba sa buƙatar a ba su labarin guba daga nesa. Tibiri na nan kusa: ruwan rijiyar burtsatse da aka sha daga tsakiyar shekarun 1980 yana da sinadarin fulorayid ninkin-ba-ninkin ƙa'idar miligiram 1.5 a lita, yara da yawa suka tashi da lanƙwasassun ƙafafu da jajayen haƙora. A 2024 hukumar binciken guba ta Amurka ta ce sama da wannan ƙa'ida yana da alaƙa da raguwar kaifin basirar yara. Tafasa ruwa ba ya cire shi, ƙara masa ƙarfi ma yake, don ruwan ne ke tafiya. Sabuwar rijiya mai zurfi a kai ruwanta awo kafin a fara sha.

Sai dalma. A Zamfara cikin 2010 yara kusan 400 suka mutu saboda niƙa dutsen zinariya a cikin gidaje. Dalma na kwanciya a ƙashi shekaru da yawa. In ciki ya shiga, jiki na kwaso kalsiyam daga ƙashin uwa don gina na tayi, sai dalmar ta biyo, kuma mabiyiya ba ta tare ta. Ke nan abin da yarinya ta haɗiya tana ƴar shekara goma na iya isa ga ɗanta. Hanyoyinta a gida: kwallin dutse mai nauyi mai ƙyalli, wanda shi kansa dutsen dalma ne, farar ƙasar da masu ciki ke ci, fasa tsohon batirin mota a tsakar gida, kayan aikin mai dawowa daga haƙar zinariya. Nono, kindirmo da ƙananan kifi da ake ci da ƙayarsu suna rage yadda jiki ke taɓa ƙashi.

Mai Farmasi: Jama'a, a yi hattara. Mun fara da kwantar da hankali, ga shi mun jera abin tsoro goma. Ba duka ne nauyinsu ɗaya ba. Folik asid, aidin, dalma, palu da giya, hujjarsu ta zauna daram. Hayaƙi, zafi da maganin ƙwari, hujja mai kyau ce amma yawanci ta kwatanta rukuni da rukuni ce, kuma bambancin maki kaɗan ne a tsakanin ɗaruruwan yara, ba hukunci kan ɗan wance ba. Ɓacin rai shi ne mafi wuyar aunawa, don mai damuwa sau da yawa ita ce mai talauci, ita ce mai hayaƙi, ita ce marar abinci. A ce wa mace "daina damuwa kar ki ɓata yaro", an bar jaki ana dukan taiki.

Inna Ungozoma: Ɗana, rabin maganarka na karɓa. Kada dai maza su ji wannan su ce ashe ba komai. Matar da ake duka, ko wadda ƴan bindiga suka koro daga ƙauyukan iyaka kamar yadda muke gani wajen Gidan Rumji da Madarunfa tun 2019, ko wadda miji ya tafi cin rani bai bar ko tiya ba, damuwarta ba a zuci take tsayawa ba. Ba ta ci, ba ta barci, ba ta zuwa awo, ba ta shan ƙwaya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a ƙasashe irin namu kusan 15 cikin 100 na masu ciki na fama da ciwon damuwa. Alamarsa: mako biyu ko fiye tana cikin ƙunci, abin da take so da ya fita ranta, ga kuka ba dalili. In ta fara cewa gara ta mutu, ranar za a kai ta likita, kada a bar ta ita kaɗai. Awo takwas da ake so yanzu ba don a auna ciki da tef kawai ba ne, har da a tambaye ta yadda take kwana.

Likitan Yara: Kuma ba a rufe littafi ranar suna. An auna kotizol a ruwan mahaifa a Ingila, aka ga alaƙarsa da jinkirin fahimta ta fito ne a yaran da ba su sami shaƙuwa mai kyau da uwa ba, ta ɓace a waɗanda suka samu. Nono zalla wata shida, goyo, hira da wasa da jariri, duk gini ne.

Ƴar Bagalam: Tambaya ta ƙarshe. Mata da yawa na jefar da jar ƙwayar nan, wai tana sa tashin zuciya da baƙin bayan gida, wasu kuma wai tana sa yaro ya yi ƙato a kasa haihuwa.

Inna Ungozoma: Baƙin bayan gida ragowar ƙarfen ne ke fita, ba ciwo ba ne. Tashin zuciya kuma, ta mai da shanta dare, bayan tuwo, da ruwa ko ruwan lemo. Kada ta haɗa da shayi, kofi ko nono, a bar awa biyu tsakani, haka in an ba ta ƙwayar kalsiyam. In ciki ya ɗaure, ruwa da ganye. Zancen ƙaton yaro babu shi. Wadda jininta ya yi ƙasa ita ce zubar jini kaɗan wurin haihuwa ke kayarwa. Ta sa a auna jininta: ƙasa da 11 ƙarancin jini ne, sai a ƙara mata ƙwaya zuwa biyu a yini, ƙasa da 7 kuwa na babban asibiti ne. Kuma a ɗora kwalbar can sama inda yara ba sa kaiwa, don jar ƙwayar kama take da alewa, kuma ƴan kaɗan sun isa su halaka ɗan shekara biyu.